Kafin mai garka shi ɗauki ɗan ƙwadago

Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani. Garake sunka ƙara yawa cikin Adar, kamar bakin tabkin Tabalak da fadamun Keita da Tamaske. Sau da yawa mai garka shi kaɗai ne bisa aikinshi. Amma hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Dashen albasa ba shi jira, kuma lokacin ne samari ke tafiya bida Abijan, Najeriya ko Libiya. Dole a nemi ɗan ƙwadago.

Biya iri uku ne

Akwai biyan yini, ya dace da dashe da cira. Akwai jinga: a yanke kuɗɗin aiki duka, kamar gyaran fangali. Jinga tana sauri, amma sai an sa ido, don mai gaggawa shina ɓata aiki. Akwai kuma biyan wata, na mai ban ruwa.

Lissafi kafin alkawari

Ga misali. Ɗan ƙwadago ya nemi jikka 2 a yini. Abincinshi dala 100. Kwana 10 sun tashi jikka 25. In buhun albasa jikka 10 ne, buhu 2 da rabi sun tafi ke nan. Sai mai garka shi tambayi kanshi: aikin nan za shi ƙara albasa fiye da haka? In ba shi ƙarawa, gara a rage fangali, ko a yi gayya da maƙwabta.

A kula da ranar biya. Lokacin cira albasa tana cika kasuwar Tawa, kuɗɗinta su faɗi. Wanda bai aje kuɗɗin ƙwadago ba, tilas shi saida da araha, maimakon shi zuba cikin rudu har ta yi tsada.

A rubuta

Maganar baka tana kawo gardama. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci shi ɗauko takarda. Shi rubuta sunan ma'aikaci, irin aiki, kuɗɗi, abinci da ranar biya. A karanta gaban shaidu biyu, kowa shi sa hannu.

In aiki ya ƙare, a biya ranar da anka yanke. Labari shina yawo cikin ƙauyuka. Mai garkar da ya ci haƙƙin ɗan ƙwadago bana, baɗi irinshi za shi tsufa bai samu mai dasa mishi ba.