Tattali Tun Rumbu Yana Cike

Idan Bahaushe ya ce wa ɗansa “ka tattala kuɗin nan”, bai hana shi kashewa ba. Abin da yake nufi shi ne ya kashe da lura, kaɗan-kaɗan, yadda kuɗin za su kai shi lokacin da wasu za su shigo. Marowaci yana riƙe dukiya har buƙata ta wuce, almubazzari kuma yana ƙarar da ita tun buƙatar ba ta zo ba. Mai tattali yana tsakaninsu, matsayin da aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yaba.

Ba kuɗi kaɗai ake tattalawa ba. Ana tattalin maraya, mace tana tattalin mijinta, makiyayi yana tattalin ɗan maraƙi. Ke nan sai abin da yake da daraja a idon mutum yake tattalawa, kuma daga nan ne aka samo “tattalin arziki” da muke ji kullum a rediyo.

A karkara aikin ya fi fitowa fili. Da kaka maigida zai zuba dammunan gero da dawa a rumbu, ya ware iri gefe, sannan ya riƙa fid da na ci da ƙididdiga. Uwargida kuma ta san tiya nawa take isar gidan a rana, ba ta ƙarawa don ta ga hatsi ya yi arha. Dukkansu idonsu yana kan watan Agusta, lokacin marka, sa'ad da tsohon hatsi ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, farashi kuma ya hau a kasuwa. Gidan da ya yi wadaƙa da kaka shi ne yake cin bashin hatsi da damina.

Yau a birane kalmar “maneji” ta fi yawa a baki, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023. A ganina maneji da tattali ba ɗaya suke ba. Maneji sai abu ya gaza ake yin sa: a rage nama a miya, a ajiye mota a hau Keke Napep. Tattali kuwa tun ranar da albashi ya shigo ake fara shi, kafin a shiga kasuwa, a fid da kuɗin makaranta da na adashe, sannan a raba na cefane har ƙarshen wata.