Ko Kun Sani? Kwandalar da Ta Sha Ruwan Gwal

A shekarar 1883, 'yan damfara a Amurka sun riƙa kashe kwandalar santi biyar a matsayin dala biyar, ninki ɗari ke nan, bayan sun yi mata ruwan gwal. Sakacin daga gidan buga kuɗin gwamnati ya faro: sabuwar kwandalar ta fito da harafin V a bayanta, wato biyar a lambar Romawa, amma ba a rubuta biyar ɗin mene ne ba. Ga shi kuwa girmanta kusan ɗaya da kwandalar gwal ta dala biyar. Gwanayen cikinsu har tsaga-tsaga suke yi wa gefenta don ta saje, mai kanti ya karɓa ya ƙirgo canji. Kafin shekarar ta ƙare aka ƙara kalmar CENTS a ƙarƙashin harafin.