Ko Kun Sani? Man Birkin Babur Ba Ya Ƙonewa Kamar Fetur

A babur mai birkin faifai, man birki yana cikin rufaffen bututu ne, daga ɗan kofin da ke kusa da hannun dama zuwa ƙafar gaba. Injin ba ya cin sa. Saboda haka idan aka tsayar da babur daidai, aka leƙa 'yar tagar gilashin kofin, aka ga man ya sauka kusa da layin ƙasa, to ɗayan biyu ne: ko takalman birki sun cinye har man ya gangara ya cike gurbinsu, ko kuma yana yoyo. A ganina, mai ƙara mai ba tare da duba takalman ba, yana rufe alamar da ke gargaɗinsa ne kawai.

Wani zai ce ai birkin yana kamawa, mene ne abin damuwa? Yana kamawa a cikin gari, da sanyin safiya. Amma man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna tsotsar danshin iska a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa zai iya tafasa a wajen 155. A doguwar gangara da kaya, zafi kan mayar da ruwan tururi, sai a matse hannu a ji shi lakaf, babur bai tsaya ba. Shi ya sa masu ƙera babura da yawa ke cewa a canza man duk shekara 2. Kada kuma a zuba baƙin mai a madadinsa, domin yana kumbura robobin birkin.