Muryar Jiniya Da Manomin Fadama

Cikin watan Satumba na 2010 Gulbin Rima ya cika ya batse. Ruwan da ya sauko daga madatsar Goronyo ya shafe gonaki a ƙasashen Goronyo da Wurno da Kware, har ya yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Manomi ba shi da ikon tare ruwa. Abin da ya ke bukata shi ne labari da wuri, ya kwance shanu, ya ɗauke injin ban ruwa da buhunan taki. To, amma wanda ya duƙa cikin shinkafa mil biyu daga gari, wa zai gaya masa? Domin irin wannan ne waɗansu ƙasashe su ke kafa jiniya bisa dogon ƙarfe.

Jiniya irin ta da ba wani abin mamaki ba ce. Gwangwani ne mai kafofi, inji yana juya shi cikin wani gwangwanin, iska ta fita, a tare ta, ta sake fita. In kafa goma ce, ya kuwa juya sau 50 cikin sakan guda, an yanke iska sau 500 ke nan. Yawan yankan shi ne siririyar murya, ƙarancinsa shi ne mai kauri.

A nan masu ƙira su ke shan lissafi. Siririyar murya tana sukar kunne, amma ba ta da nisan zango, gama iska tana cinye ta, bango da itatuwa kuma su tare ta. Kowa ya san tambari ya kan kai inda sarewa ba ta kai ba. In kuma murya ta cika kauri, sai ta saje da rurin manyan motoci da na injin ban ruwa, kunne ma bai cika kama ta ba. Saboda haka a kan tsaya tsakani, watau 'yan ɗaruruwa cikin sakan.

Waɗansu jiniyoyi murya biyu gare su, gefe ɗaya kafa 10, ɗayan 12. In sun haɗu sai su ba da wani amo mai tada hankali, wanda ba ya kama da kukan kowace dabba. Irinsu aka yi aiki da su a Ingila lokacin yaƙin 1939 zuwa 1945. Kuka mai hawa da sauka, ma'anarsa jiragen abokan gaba sun taso, miƙaƙƙe kuwa hatsari ya wuce. Dalilin hawa da saukar shi ne kunne ya kan saba da ƙara mai tsayawa wuri guda, kamar yadda maƙwabcin injin niƙa ya kan manta da shi.

Wanda ya fi dacewa da mutanen Rima shi ne tsarin ƙasar Suwizalan. Can garuruwan da ke ƙasan madatsa suna da kukansu dabam: murya mai kauri ta sakan 20, a tsaya sakan 10, har sau 12. Wanda ya ji ba ya tsayawa tambaya, sai ya nufi tudu. Kowace shekara, Laraba ta farko cikin Fabrairu, a kan gwada jiniyoyin ƙasar duka. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, don kalangun mahauta dabam ya ke da gangar noma, kowa ya san wadda ke kiransa.

Sai dai jiniya guda a bakin madatsa ba za ta wadatar ba. Duk sa'ad da nisa ya ninka, ƙarfin amo ya kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da tsakar rana, in ƙasa ta ɗau zafi irin na Sakkwato, amo sama ya ke tanƙwarawa ya tsallake mutum, da asubar hunturu kuwa ya kan bi ƙasa, shi ya sa a ke jin carar zakara daga ƙetaren gulbi. Wanda iska ta taso daga wajensa zuwa wajen jiniya, shi ma da ƙyar zai ji. Ashe in za a kafa, sai a jera su bin gulbi ƙauye ƙauye, hakimai da dagatai su sa a yi shela ran kasuwa a bayyana ma'anar kowane kuka, a kuma ware wa ruwa muryar da ba ta kama da jiniyar motar asibiti ko ta 'yan sanda.