Waɗanda Suka Ga Giwa Mai Fiffike: Osibisa da Tsofaffin 'Yan Ikko na Abuja

Jama'a, a unguwannin Garki da Wuse da Kubwa da Karu na birnin Abuja akwai waɗansu dattawa 'yan fansho, masu furfura da carbi, waɗanda in ka gan su a sahun gaba a masallaci ba za ka taɓa zaton sun san wani abu wai shi Osibisa ba. Amma fa da yawansu a Ikko suka yi samartakarsu, suna akawu ko masinja ko soja ko ɗan sanda, a lokacin da garin ke tafasa da kiɗan jita da ganguna. Da gwamnati ta tashi daga Ikko sai suka biyo ta da iyalinsu da komatsansu, har da 'yan faya-fayen garmaho a ƙasan akwati. Labarin abin da suka gani da idonsu shi ne za mu ɗan taɓa yau, domin ku da kuke zaune a Agege da Idi-Araba da Obalende da Sabon Ibadan, a ƙofar gidanku aka yi abin.

WANE IRIN KIƊA NE?

Wajen ƙarshen shekarun 1960 waɗansu samari a Ingila suka gaji da waƙar minti 3 ta soyayya wadda gidajen rediyo ke so. Suka ce su kiɗan jita za su ɗaukaka, su haɗa shi da kiɗan manyan makaɗan Turai na dā, da na baƙaƙen Amurka, da sarewa da fiyano mai lantarki. Turawa suka sa wa wannan salo suna progressive rock, watau kiɗan jita mai neman ci gaba. Manyan ƙungiyoyinsa su ne King Crimson, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1969, da Yes, da Genesis, da Pink Floyd, da Jethro Tull.

Alamarsa ita ce tsawo. A 1972 Yes ta fitar da Close to the Edge, waƙa guda ta cinye fuskar faifai ɗungum, minti 18 da 'yan kai. A wannan shekara kuma Jethro Tull ta yi Thick as a Brick, waƙa ɗaya tak a fuska biyu. Kiɗan yakan fara a hankali, ya sauya taki, ya hau, ya sauka, sa'an nan a bar mai ganga ko mai jita shi kaɗai ya nuna gwanintarsa.

Ga Bature wannan sabon abu ne. Ga Bahaushe kuwa, wanda ya tashi yana jin Bakandamiyar Narambaɗa da ta Shata, ya kuma san yadda Ɗan Anace ke jan waƙar Shago har dare ya raba, doguwar waƙa ai gida ce. Kunnen da ya saba jiran inda kalangu zai juya ba ya ƙosawa don mai jita ya yi minti 10 bai ce uffan ba.

ABUJA TANA DAJI

A lokacin da waɗannan ƙungiyoyi ke tashe, inda Abuja take yanzu ƙauyukan Gwari ne da gonakin doya da duwatsu. Sunan Abuja ma na garin da yau ake kira Suleja ne. Sai ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar za a gina sabon babban birni, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, kwana 10 kafin a kashe shi. Gwamnati kuwa ba ta tare ba sai ran 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Babangida, lokacin da kasuwar wancan kiɗa ta riga ta watse. Saboda haka duk wanda ka ji yana ba da labarinsa a Abuja, guzuri ne ya zo da shi, galibi daga Ikko ko Kaduna.

BATUREN DA YA RATSO SAHARA

Cikin waɗanda suka kawo ƙamshin abin nan ƙasar akwai Ginger Baker, wani dogon Bature mai jan gashi, makaɗin gangar ƙungiyar Cream. Ita Cream, wadda ya kafa da Eric Clapton da Jack Bruce a 1966 ta watse a 1968, tana cikin waɗanda suka share wa dogon kiɗa hanya. Baker yakan jera manyan gangunan ƙafa guda 2, yana taka su yana kuma dukan na hannu, kamar mutum uku ne ke kiɗan.

A 1971 ya shiga mota Range Rover ya bi ta Aljeriya, ya ratsa Sahara ya gangaro Nijeriya, watau hanyar da ayarin raƙuma suka sani tun kaka da kakanni. Wani mai ɗaukar sinima, Tony Palmer, ya bi shi ya ɗauki tafiyar. A shekarar ne kuma aka fitar da faifan da ya yi tare da Fela da ƙungiyarsa ta Africa 70. Ya zauna a Ikko, ya gina ɗakin ɗaukar faifai mai suna ARC a Ikeja, aka buɗe a 1973. A wannan shekara Paul McCartney na Beatles ya zo Ikko ya ɗauki faifansa Band on the Run, yawancinsa a ɗakin kamfanin EMI da ke Apapa. Wani abin da zai ba mutanen Katsina da Kaduna sha'awa shi ne, a Nijeriya Baker ya koyi wasan folo, bai kuwa rabu da dawaki ba har tsufansa.

Baker ya tara samarin Ikko ya kafa ƙungiya mai suna Salt, ya kai su Turai da Amurka. Da suka dawo, uku daga cikinsu, Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, suka kafa BLO, suka fitar da faifansu na farko a 1973. A shekarar nan ɗaliban kwalejin St. Gregory da ke Obalende, maƙwabtan 'yan tsirenmu, suka fito da sunan Ofege da faifan Try and Love. Ga kuma Joni Haastrup da MonoMono. Garin ya ɗauka. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a farkon 1975 kuwa, ƙaramin akawu ma ya sayi rediyo mai faifai ya girke a ɗaki.

GIWA MAI FIFFIKE

Amma ƙungiyar da ta fi zama a zukatan mutanenmu ita ce Osibisa. A London aka kafa ta a 1969. Mutum 3 'yan Gana ne: Teddy Osei mai busa, wanda shi ne shugaba, da ɗan'uwansa Mac Tontoh mai ƙaho, da Sol Amarfio mai ganga. Mutum 3 daga tsibiran Karebiyan: Wendell Richardson da Robert Bailey da Spartacus R. Na bakwai ɗan Nijeriya ne, Lasisi Amao. Daga baya Mike Odumosu na BLO shi ma ya shiga.

A 1971 suka fitar da faifai 2, Osibisa da Woyaya, duka suka shiga sahun waɗanda aka fi saye a Ingila. A bangon faya-fayen an zana giwa mai fiffike tana shawagi. Wanda ya zana ta, Roger Dean, shi ne daga baya ya riƙa zana wa Yes bangon nata. Wannan, da yadda suke jan kiɗa suna sauya taki, shi ya sa masana ke lissafa faya-fayensu na farko a dangin wancan salo. Bambancin kawai, su ganga ce a gaba, jita na biye. Watau abin da Turawa suka ɗauka daga Afirka, Osibisa ta karɓo ta mayar musu da riba.

Babbar haɗuwa ita ce FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, zamanin Janar Obasanjo. Mahalarta wajen 16,000 suka zo daga ƙasashe 56. Aka yi wasanni a Babban Gidan Wasa na Iganmu da filin wasa na Surulere da Dandalin Tafawa Balewa, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Osibisa ta zo ta yi wasa, haka Stevie Wonder da Miriam Makeba da Sun Ra da Franco na Zayar da Bembeya Jazz ta Gini. Fela ya ƙi shiga bikin, ya tsaya a gidan rawarsa yana zagin gwamnati, baƙi kuwa suna kwarara can in dare ya yi. Bayan rufe biki da kwana 6, ran 18 ga Fabrairu, soja suka ƙone gidansa na Kalakuta.

ABIN DA AKE TUNAWA

In hira ta yi daɗi da waɗanda suka ga wannan zamani, za ka lura ba kalmomin waƙa suka riƙe ba, don da yawa ba su ji abin da ake faɗa ba. Abin da ya zauna musu shi ne ƙara: lasifikoki jibge kamar buhunan gyaɗa a dalar Kano, da yadda dukan babbar ganga ke shiga ƙirjin mutum. Suna tuna cunkoson motoci a kan gada, da tafiya a ƙasa zuwa gida da asuba don bas ta ƙare, da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu da gashi tuli guda. Suna tuna fargabar kada NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar kiɗa.

Abin da ya fi wannan duka shi ne ganin baƙar fata a kan dandamali, cikin tufafin gida, yana riƙe da kayan kiɗan Bature yana juya su yadda ya ga dama. Ga yaron da ya baro Zariya ko Gusau, wanda bai fi shekara 7 da ganin ƙarshen yaƙin basasa ba, tsayuwa kafaɗa da kafaɗa da Bayarabe da Ibo da mutumin Gana ana rawa ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Kada kuma a ce Arewa 'yar kallo ce kawai. Bongos Ikwue ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya shahara da ƙungiyarsa ta Groovies. Bala Miller, ɗan asalin Zariya, ya tara samari ya koya musu kayan busa da jita, ya kafa babbar ƙungiya a 1977, suna wasa a Costain Club a Kaduna, yana waƙa da Hausa tsantsa, har aka ba shi shiri a talabijin.

ME YA SA AKA YI SHIRU?

To, in haka ne, don me 'ya'yan waɗannan dattawa ba su san labarin ba? Dalili a fili yake. A wurinmu kiɗa sana'ar maroƙa ce, gidan rawa kuwa ana haɗa shi da giya da mata. Saurayin da ya je kallo a Surulere ba zai rubuta wa mahaifinsa a wasiƙa ba. Da ya yi aure ya je Makka ya zama Alhaji, sai ya rufe babin. Ba mu ce ya yi laifi ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma sakamakon shi ne, in ana ba da tarihin 'yan Arewa a Kudu, sai a tsaya ga shanu da goro da gadi da canji, kamar ba mu taɓa shiga rayuwar garin ba. Alhali mun shiga, mun gani, mun kuma biya kuɗin tikiti kamar kowa.

Lokaci kuwa ba ya jira. Fela ya rasu a 1997, Bala Miller a 2003, Mac Tontoh a 2010, Ginger Baker a 2019, Tony Allen makaɗin Fela a 2020, Sol Amarfio a 2022, Teddy Osei kuma a Janairun 2025. Wanda yake da shekara 20 lokacin FESTAC, yau ya doshi 70. Gidan wasan Iganmu ma an sauya masa suna a 2024, ya koma na Wole Soyinka.

A waje guda kuma, faya-fayen da muka bari rana ta lanƙwasa, ko yara suka mai da su abin wasa, Turawa sun bi kasuwanni sun tsince. Kamfanin Soundway na Ingila ya tattara kiɗan jitar Nijeriya na shekarun 1970 ya sake fitarwa a 2008. Kamfanin Now-Again na Amurka ya yi haka a 2016, tare da littattafan da Uchenna Ikonne ya rubuta. Sun samu sautin, sun samu labarin makaɗan. Abin da ba ya cikin faifai shi ne labarin ɗan kallo, musamman Bahaushen da ya tsaya a cikin taron.

SHAWARA

Kayan FESTAC suna hannun cibiyar CBAAC da aka kafa a Ikko bayan bikin. A Abuja akwai Majalisar Al'adu ta Ƙasa, akwai hedkwatar Rediyon Nijeriya a Garki, a Kaduna kuma akwai Gidan Arewa mai adana tarihi. Ya kamata ɗaya daga cikinsu ta tura ma'aikata da na'urar ɗaukar magana su zauna da waɗannan dattawa, a ɗauka da Hausa, a ajiye.

Amma kafin hukuma ta motsa, malam mai karatu, aikin yana hannunka. In kana da uba ko kawu ko maƙwabci da ya zauna a Ikko a shekarun 1970, ko yana nan tare da ku ko ya koma Abuja, ka sami lokacin da ya sake, bayan sallar isha'i, ka tambaye shi ko ya taɓa ganin faifai mai hoton giwa da fiffike. Kada ka yi dariya, kada kuma ka yi masa wa'azi. Ka kunna wayarka ka bar shi ya yi magana. Ka tambayi wurin, da shekarar, da kuɗin shiga, da wanda suka je tare. In akwai sauran faifai ko hoto ko guntun tikiti a akwati, a raba shi da zafi da laima, a ajiye faifan a tsaye.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa sauran lafiya. Sai wani makon.