Difa: sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka ƙetaro Komadugu, suka auka wa Boso da birnin Difa. Cikin kwanaki kaɗan gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci: aka hana hawan babur, aka tsai da cinikin tattasai da na kifi banda, da hujjar cewa abokan gaba na karɓar haraji a kansu. To amma waɗannan su ne abincin talakan Manga. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu, aka kwashe dubban mutane daga tsibiran tabkin Cadi, da yawansu a ƙafa cikin zafin bazara. Musa Cangari na ƙungiyar Alternative, wanda ya soki yadda aka yi kwasar, ya sha tsarewa a watan Mayu.

Tun ran nan muhawara guda ake: tsaro ne gaba ko haƙƙin ɗan Adam? A Maris 2017 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amsa cikin ƙuduri mai lamba 2349, inda ya ce a yaƙi ta'addanci a yankin tabkin tare da mutunta farar hula. A lokacin, sojojin Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru na aiki cikin rundunar haɗin gwiwa, wadda shiyyarta ta 4 ke da mazauni a Difa.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya raba gari. CEDEAO ta saka takunkumi, iyakar Najeriya ta rufe har farkon 2024, ɗan kasuwar da ke sauke kaya daga Damasak da Maiduguri ya ji a jikinsa. Nijar ta haɗa kai da Mali da Burkina cikin AES, sojojin Faransa suka fice a Disamba 2023, na Amurka a 2024, masu horaswa na Rasha suka sauka Yamai a Afrilu 2024. A Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar tabkin Cadi. Ɓangare guda na kafa hujja da ƴancin ƙasa, ɗayan da tsarin mulki. Mai tayar da ƙayar baya kuwa ba ya neman biza kafin ya haye kogi.

Tarihi na da abin faɗi. A Helsinki, ranar 1 ga Agusta 1975, ƙasashe 35, har da Amurka da Tarayyar Sobiyat, suka sa hannu kan takarda guda: a girmama iyakoki, a buɗe hanyar ciniki, a kare haƙƙin jama'a. Ba ƙaunar juna suke ba, amma ba su tashi daga tabarmar shawara ba.

Abin da manomin tattasai da ma'aikacin da aka tura aiki Gigimi ke jira daga Yamai da Abuja ke nan: a zauna, a tsare gaɓar kogin tare, a bar mutane su koma gonakinsu da kasuwanninsu.