Walƙiyar rana da hadarinta

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa kama gajeren zango da tsakar rana, sai murya ta ɓace, ba ka jin komi sai shuuu? Kada ka yi saurin kai rediyonka wurin mai gyara. Wani bi lahiyarsa lau, daga rana matsalar ta fito.

Rana wuta ce mai girman gaske. Tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150 ne. A jikinta akwai ƙarfi irin na mayen ƙarfe. Wani lokaci wannan ƙarfi yakan murɗe kamar igiyar guga, ya yi ta murɗewa har ya tsinke. In ya tsinke, abu biyu na iya fitowa.

Na farko haske ne mai tsanani. Mu ce masa walƙiyar rana. Cikin minti 8 yake isowa duniya. Shi ne ke dagula iskar can sama wadda ke maido mana muryar gajeren zango. Bayan ƴan mintoci, ko awa guda, sai murya ta komo.

Na biyu wani babban gajimare ne na iska mai zafi da rana ke tofowa. Mu ce masa hadarin rana. Shi ba ya da saurin haske, yakan yi kwana 1 zuwa 3 a hanya.

To, mi ya haɗa su? Tuna da damina a nan Ibohamane. Ka hangi walƙiya a gabas, bayan duwatsu. In ƴar ƙarama ce, sau da yawa ba abin da ke biyo ta. In kuwa ta haske gari duka, ka san iska na tafe, sai a kwashe shanya a ɗaure bisashe. Haka abin yake a rana. Ƙananan walƙiyoyi galibi su kaɗai suke zuwa, amma manya-manyan kusan kullum da hadari suke tashi. Ba walƙiyar ce ke haihuwar hadarin ba, tsinkewa guda ce ta fid da su. Kuma kamar yadda hadari kan bi ta Buza ya bar Keita, haka na rana yakan wuce gefe bai taɓa duniya ba.

In ya same mu fa? A watan Maris na 1989 masana sun ga manyan walƙiyoyi a rana. Ran 13 ga watan hadarin ya bugi wayoyin lantarki na jihar Kebek, a ƙasar Kanada. Mutum miliyan 6 suka zauna ba wuta har awa 9, ga sanyi. A watan Mayu na 2024 wani ya zo, ya rikita na'urorin nuna hanya na motocin noma a Amurka.

Shi ya sa masana ke tsaron rana dare da rana da taurarin ɗan'adam. Da sun ga babbar walƙiya sai su duba ko hadari ya taso, su gargaɗi masu lantarki da masu jiragen sama. Abin yakan yawaita kusan kowace shekara 11.

Kai dai kwantar da hankalinka. Allah ya lulluɓe duniya da iska da nata ƙarfin mayen ƙarfe, suna tare mana. Hadarin rana ba ya ƙone mutum, ba ya ƙone gero. In wani ya ce maka tashin duniya ne, ka yi masa bayani. Abu guda: kada ka kalli rana don neman walƙiyar. Ba za ka gan ta ba, idonka kawai za ka ɓata.